Hannu Mai Sauri, Baki Mai Nauyi: Marubuciya Mai Kunya a Labarin Soyayya

Ku dubi matar nan da ke zaune gaban kwamfuta. Ƙarfe biyun dare ya gota. Cikin awa guda ta zuba shafi huɗu na kalaman soyayya, irin waɗanda mai karatu in ya iso wurinsu sai ya rufe littafin ya dafe ƙirji. Jarumin labarinta ya faɗi abin da ke ransa, jarumar ta mayar masa da martani, babu gargada, babu in-ina. Can sai wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga wani da take haɗuwa da shi kusan kullum tana kauda kai: “Lafiya kuwa? Yau ban gan ki ba.” Ta rubuta amsa, ta ga ta yi tsawo, ta goge. Ta sake rubutawa, ta ga kamar ta zaƙe, ta goge. Ta sa alamar murmushi, ta cire. Bayan minti arba'in, abin da ya fita daga wayarta kalma biyu ce: “Lafiya lau.”

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Wannan matar ita ce jarumar wani nau'in littafin soyayya da ake ta rubutawa ba a gajiya, mai sauƙin karatu, mai sa dariya, inda marubuciyar da kunya ta dabaibaye ke cin karo da so. Yau za mu kwance irin wannan labarin mu ga abin da ke riƙe da shi, da kuma inda yakan zame ya faɗi.

Mu fara da dokar gidan. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta taƙaita littafin soyayya a sharuɗɗa biyu: soyayyar ta zama ita ce kan gaba a labarin, ƙarshen kuma ya zama mai daɗi, mai sanyaya rai. Ke nan tun kafin ka buɗe bangon littafin ka san za su daidaita. To me zai hana ka ajiye shi? Tambaya ɗaya ce tak: mene ne ya tsaya a tsakaninsu, kuma ta yaya za a kawar da shi? Wata malamar adabi ta Amurka, Pamela Regis, a littafinta na 2003 kan tarihin wannan nau'in, ta lissafa ginshiƙai takwas da kowane littafin soyayya ke tsaye a kansu, tun daga haɗuwar farko har zuwa alkawarin aure. A cikinsu akwai wanda ta kira shinge. Shi ne injin motar. In babu shi, shafi goma ya isa su gaisa, su fahimci juna, kowa ya watse.

A da, shingen daga waje yake zuwa. A littafin marubucin Ingila Samuel Richardson na 1740, wanda masana da yawa ke farawa da shi in suna ba da tarihin nau'in, yarinyar 'yar aiki ce, namijin kuma maigidanta ne mai dukiya. Daga nan aka yi ta yi: bambancin matsayi, uba mai taurin kai, gado, yaƙi, wasiƙar da ta ɓata a hanya. Sai zamani ya zo ya rage wa wasunsu ƙarfi. Wasiƙar da za ta yi wata uku a jirgin ruwa yanzu saƙo ce ta daƙiƙa ɗaya, kuma mai karatu ba ya yafe wa marubucin da ya gina shafi 300 a kan rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware. Kunya kuwa ba ta da wannan matsalar. Ga wayar a hannunta, ga lambarsa, ga kati a ciki, amma yatsan ya ƙi dannawa. Shingen yana jikinta, duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita.

A nan ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai mai son kaɗaici, wanda taro ke gajiyar da shi amma ba ya jin tsoronsa. In ya ga dama zai tashi ya yi jawabi, ya koma ɗakinsa ya huta. Akwai kuma mai kunya, wanda ransa na son shiga cikin mutane, sai dai tsoron yadda za a kalle shi ya riƙe masa ƙafa. Na farkon ba ya ba marubuci abin yi sosai, domin yana zaman lafiya da halinsa. Na biyun kuwa rigima ce mai tafiya da ƙafa biyu: so na ja gaba, tsoro na ja baya. Kuma ba kunyar ladabi muke nufi ba, wadda mutum ke yi don girmama na gaba da shi. Wannan ta nauyin baki ce, wadda ke sa tafin hannu gumi, a tambaye ka sunanka ka tsaya tunani.

Masu irin wannan halin ba kaɗan ba ne. Philip Zimbardo, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford, ya wallafa littafi kan kunya a 1977, kuma a binciken da ya dogara da shi kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce su masu kunya ne a lokacin, fiye da kashi 80 kuma sun ce sun taɓa zama haka a wani zango na rayuwarsu. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya bi jarirai tun suna wata huɗu, ya ga kusan ɗaya cikin biyar suna firgita sosai da duk wani sabon abu, kuma su ne suka fi yiwuwar tasowa da ɗari-ɗari da baƙi. Saboda haka in jaruma ta tsaya a bakin ƙofa tana maimaita gaisuwar da za ta yi sau uku a zuci, yawancin masu karatu sun san wannan ƙofar, sun taɓa tsayawa a gabanta.

To me ya sa sai marubuciya? Me ya hana a ce likita ce mai kunya, ko malamar lissafi? Ana yi, amma marubuciya ta fi su wani abu guda. Sana'arta magana ce. Ita ce gwanar kalmomi a duk inda take, muddin an ba ta dare ɗaya da damar gogewa. Takarda tana da haƙuri: za ka rubuta jimla sau ashirin, ba wanda ya ga goma sha taran da suka lalace. Baki ba ya ba da wannan damar, magana zarar bunu ce. Sai ya zama mutum ɗaya yana da murya biyu, ɗaya mai kaifi da barkwanci a shafi, ɗaya mai kame-kame a gaban mutane. Mai karatu kuma yana zaune a cikin kanta, yana jin duka biyun. Ya ji amsar da ta tsara, mai kyau, mai sa dariya, sannan ya ji abin da ya fito: “E, haka ne. Wato, a'a. Na gode.” Shi saurayin na biyun kaɗai ya ji. Daga wannan tazarar ake ɗebo kusan duk dariyar littafin, daga nan kuma ake ɗebo tausayin.

Tarihin marubuta na gaske ya ba da kayan aiki da yawa. Littafin farko na marubuciyar Ingila Jane Austen ya fito a 1811 ba tare da sunanta ba, an dai rubuta cewa wata mata ce ta rubuta, kuma har ta rasu a 1817 sunanta bai hau bangon littafinta ko ɗaya ba. Gaskiya a zamaninta mata da yawa haka suke yi, ba lallai kunya ce kaɗai dalili ba. Amma ɗan yayanta, wanda ya rubuta tarihinta daga baya, ya ce a ƙananan takardu take rubutu don ta iya rufe su da sauri, kuma akwai wata ƙofa mai ƙara a gidan da ta hana a gyara, saboda ita ke sanar da ita cewa wani na tafe.

Na Agatha Christie, marubuciyar labaran binciken laifi ta Ingila, ya fi ban dariya, ita da kanta ta ba da shi. A 1958 aka shirya gagarumin biki a otal ɗin Savoy da ke Landan don murnar wasan kwaikwayonta da ya kafa tarihin daɗewa ana nuna shi. An ce mata ta zo da wuri. Ta iso, mai tsaron ƙofa bai gane ta ba, ya ce ba a fara shiga ba tukuna. Matar da littattafanta suka karaɗe duniya, wadda don ita aka tara jama'ar, ta kasa buɗe baki ta ce “ni ce.” Juyawa ta yi, ta shiga zagaye a cikin otal ɗin har aka zo aka cece ta. Wannan matar ta rubuta littattafai shida da sunan aro, Mary Westmacott, kuma kusan shekara 20 asirin bai tonu ba. In marubuci ya ƙirƙiri wannan fage a littafi, edita zai iya ce masa ya rage gishiri.

Amma labarin da ya fi kama da irin littafin da muke magana a kai shi ne na Elizabeth Barrett. Fitacciyar marubuciyar waƙoƙi ce a Ingila, tana da shekara 38, rashin lafiya ya tsare ta a ɗaki ɗaya a gidan mahaifinta a Landan, mahaifin kuma ya haramta wa 'ya'yansa aure, dukansu. A watan Janairun 1845 wasiƙa ta iso daga wani mawaƙi da bai kai ta suna ba a lokacin, Robert Browning, yana cewa yana son waƙoƙinta da dukan zuciyarsa, kuma a cikin wasiƙar nan ta farko ya ƙara da cewa ita ma yana son ta. Bai taɓa ganin ta ba. Ta amsa, suka ci gaba da rubutu, shi yana neman izinin zuwa, ita tana ja masa rai da uzuri iri-iri, har sai watan Mayu ta yarda ya shigo. Wasiƙun da suka yi musaya sun haura 570. A watan Satumban 1846 suka yi aure a ɓoye suka wuce Italiya, mahaifinta kuma bai sake yi mata magana ba. Ga inda nake so ku lura: a duk tsawon neman auren tana rubuta masa waƙoƙin soyayya, guda 44, ba ta nuna masa ko ɗaya ba. Sai a 1849, shekara uku da aure, ta miƙa masa su. Da za a buga su a 1850 kuma aka sa musu suna kamar fassara ce daga harshen Fotugal, don kada a gane zancen kanta take yi. Ta iya barin gidan ubanta ta ƙetare teku, amma miƙa wa mijinta takarda ya ɗauke ta shekara uku.

Daga irin waɗannan ne marubutan yau ke ɗauko dabarunsu, kuma ba su da yawa. Wadda aka fi amfani da ita ita ce sunan aro. Yana karanta littattafanta, yana son su ko yana kushe su, bai san ita ce ba. Ku ɗauka suna zaune a teburi ɗaya a ɗakin karatu, ya ɗaga littafinta ya ce, “Kin karanta wannan? Matar nan ta iya rubutu, amma wallahi ba ta taɓa yin soyayya ba. Ba wanda ke magana haka.” Ita kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, “Ƙila dai.” Daren nan ba barci, ta buɗe babi na tara tana karantawa da muryarsa a kunnenta, haushi na cin ta, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne ya yi gaskiya. Mai karatu ya san abin da saurayin bai sani ba, sai ya riƙa jiran ranar tonon asiri kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Akwai kuma ta wasiƙa, ko saƙon waya, ko gyaran edita a gefen shafi, inda soyayyar ke girma a rubuce alhali a fili ko ido ba sa iya haɗawa. Wannan tsohuwar dabara ce. A wasan kwaikwayon Edmond Rostand na Faransa, na 1897, jarumin, Cyrano, gwanin magana ne amma girman hancinsa ya hana shi tunkarar wadda yake so, sai ya koma rubuta wa wani kyakkyawan saurayi wasiƙun da zai aika mata. Shi nasa ya ƙare da hawaye. Littafi mai sauƙi yakan ari tsarin ya canza ƙarshen.

Sauƙin nan ma aiki ne, kada ku raina shi. Babu wanda zai mutu a irin wannan labarin, babu mugu mai makami. Babban bala'in da zai iya faruwa shi ne a kira ta ta karanta shafi biyu a gaban mutum talatin. Gwanintar marubuci ita ce ya sa ka ji wannan a jikinka kamar yadda take ji, ka ga makirufo ɗin nan kamar bakin rijiya, kuma duk da haka ka yi dariya. Sharaɗin shi ne dariyar ta zama tare da ita ake yi. Ita ce ta fara ganin abin dariyar a halinta, ita ke ba mu labarinsa da kaifin harshenta na ciki. Da zarar littafin ya koma nuna ta da yatsa, ta zubar da abu a jikinta a babi na biyu, ta faɗi a matakala a na huɗu, ta yi karo da ƙofar gilashi a na shida, to an tashi daga kunya an koma wasan yara. Wani abin lura kuma: akwai tsoron mutane mai tsanani da likitocin ƙwaƙwalwa ke ɗauka a matsayin cuta, wanda ke hana mutum aiki da fita. Littafin da ya ba jarumarsa wannan, sannan ya warkar da ita da murmushin saurayi, ya yi wa masu fama da shi ƙarya.

Wannan ya kawo mu ga shi saurayin, inda ni a ganina yawancin littattafan ke tuntuɓe. Hanya mafi arha ita ce a kawo mai surutu, mai kwarjini, ya “fito da ita daga ƙangi.” Ya cire mata tabarau, ya canza mata sutura, ya ja ta taro, a shafi na ƙarshe ta zama tauraruwar fira. Ni dai in na iso nan nakan ajiye littafin. An shafe shafi 200 ana sa ni son wata mata, sai a ƙarshe a ce mini ita ce matsalar, ga wata an kawo a madadinta. Saurayin da ke aiki a irin wannan labarin shi ne mai lura. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shi ya iya tambayar. Ya gane cewa in ta yi shiru tana murza alƙalami, jimla take haɗawa, sai ya jira, bai cike mata gurbin da nasa surutun ba. Ya lura ta fi sakewa in suna tafiya kafaɗa da kafaɗa fiye da in suna fuskantar juna, sai ya riƙa cewa su taka. Kuma dole shi ma ya zo da nasa raunin, ya kasance akwai abin da ita kaɗai ta gani a tare da shi. Mai surutu ma sau da yawa ɓuya yake yi, a bayan surutun.

Sai kuma lokacin duhu. Regis ta sa shi cikin ginshiƙanta takwas: wurin da mai karatu zai ga kamar an rabu ke nan, babu sauran hanya. A labarin marubuciya kusan kullum daga rubutun yake fitowa. Ya gano sunan aron, ya tuna duk abin da ya faɗa a gabanta tana jin sa ta yi gum. Ko kuwa, wanda ya fi zafi, ya buɗe sabon littafinta ya tarar da kansa a ciki: yadda yake dariya, sirrin da ya gaya mata a kan mahaifinsa, kalmomin da ya faɗa mata ita kaɗai, ga su a shafi na 114 kowa na karantawa. Nan shirunta ya daina zama abin tausayi. Yana da haƙƙin ya tambaya: duk zaman nan da muke yi, saurare na kike yi ko kayan littafi kike tarawa? Littafi mai kyau ba ya wanke ta a nan. Kunyarta ta cutar da wani, domin abin da ya kamata ta faɗa masa ta faɗa wa takarda.

Me za ta yi? Abin da ta iya. Ta zauna ta rubuta wasiƙar ban haƙuri, shafi shida, mafi kyawun abin da ta taɓa rubutawa. Mu masu karatu mun gani, mun san in ya karanta zai sauko. Marubuci mai wayo kuwa ba zai bari ta aika ba, saboda wasiƙar ita ce maɓoyar da ta jawo rigimar tun farko. Sai ga ta a ƙofarsa, takardar na cikin jaka, hannu na rawa. Ya buɗe, bai ce komai ba. Ta laluba jakar, ta taɓa takardar, ta bar ta a ciki. Jimlar farko ta karye a tsakiya. Ta biyu ta fara da “wato” sau biyu. Duk kalmomin nan da suka sayar da littattafai sun gudu sun bar ta, abin da ya rage guntaye ne, irin waɗanda da a shafi ta gan su da jan alƙalami za ta bi ta kansu. Ya jingina da ƙofar yana jira, kamar yadda ya saba, har ta kai ƙarshe.

A babin rufewa za ku same ta a wani taron, tana can gefe kusa da ƙofar fita, tana ƙirga mintocin da suka rage a tashi. Wayarta ta yi ƙara. Shi ne, daga ɗaya gefen ɗakin: “Mu gudu?” Ta rubuta amsa, ta goge, ta ɗaga kai ta gyaɗa masa.